Khal ɗin Modena: na gargajiya ko na kanti?

Tun da na fara zuba balsamik, wato wani khal mai zaƙi da ake yi da inabi, a kwaɗon latas, 'yan uwa ke ta tambayata wanne za su saya, don iri biyu ne masu kusan suna ɗaya, dukkansu daga yankin Modena na Italiya.

Na gargajiyan, mai hatimin DOP (shaidar cewa a yankinsa na asali aka yi shi gaba ɗaya), ruwan 'ya'yan inabi ne zalla, daga nau'o'in inabi irin su Lambrusco da Trebbiano. Ana dafa shi ya yi kauri, sannan a ajiye a jerin gangunan itace a saman bene, inda zafin bazara da sanyin hunturu ke ratsa shi. Duk shekara ana ɗiba daga babbar ganga a cika ƙarama, har shekara 12 aƙalla, wani ma 25. Idan ka karkata kwalbarsa ta mililita 100, a hankali yake saukowa kamar zuma, baƙi wuluk. Kuɗinsa kuwa sai mai hali.

Na kantin, mai hatimin IGP (shi ma shaidar yanki ce, amma ƙa'idarsa ta fi sauƙi), wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009, ruwan 'ya'yan inabin ne gauraye da khal na inabi, ajiyar kwana 60 ta ishe shi. Yana da araha, ga shi a kowane babban kanti, amma ya fi tsami da ruwa-ruwa.

Ta fuskar lafiya, dukkansu na rage buƙatar gishiri a abinci, sai dai mai ciwon sukari ya lura, na gargajiyan zaƙinsa da yawa.

Uwargida mai girkin yau da kullum, IGP ya wadatar da ita. Na gargajiyan na mai neman kyauta ta alfarma ne, ko mai ɗiga shi kaɗan-kaɗan a kan gasasshen nama.