Wurin ajiye motoci na kusa da Kasuwar Gumi: sun iya karɓar kuɗi, ba su iya amsa tambaya ba

Ina cikin waɗanda suka yi murna da buɗe wurin nan na ajiye motoci da ake biyan kuɗi a kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma na sha tura abokai can. Duk mai shiga tsakiyar Kaduna da mota ya san halin da Titin Ahmadu Bello ke shiga daga hantsi zuwa la'asar, inda gefe guda na titin kan zama mallakar motocin da aka ajiye da masu Keke Napep da ke sauke fasinja. Ayyukan sabunta birni da aka fara a 2019 sun faɗaɗa hanyoyi, an yi gadar sama a Kawo, an gyara shataletalen Leventis, amma titi komai faɗinsa dole ya cushe idan kowa zai bar motarsa a kai ya shiga kasuwa. Saboda haka kuɗin da suke karɓa, wanda kowa ya sani, bai taɓa yi mini yawa ba. Wurin a share yake, akwai masu gadi, kuma ana ba da rasit.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne wata Asabar gab da Babbar Sallah. Na iso na tarar wurin ya cika, sai yaron da ke ƙofa, sanye da rigar kamfanin, ya yi mini nuni da jikin katangarsu ta waje, inda aka riga aka jera wasu motoci, ya ce: "Alhaji, a nan ma namu ne, ka ajiye kawai." Ya karɓi kuɗina cif, ya yago rasit mai hatimi, ya rubuta lambar motata da biro, ya soke shi a ƙarƙashin waifa. Da na fito daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, sai na iske an ɗaure tayar gaba da wani jan ƙarfe mai kwaɗo, janwe kuma na tsaye yana jiran wanda zai yi gardama. Na nuna wa jami'in gwamnatin da ke tare da janwen rasit, ya dube shi sama da ƙasa cikin ladabi, ya ce: "Yallaɓai, wannan takarda ba tamu ba ce, nan kuwa titin gwamnati ne." Na koma wajen yaron, ya ce shi ɗan aike ne, sai dai in jira manaja. Manajan ya zo bayan an idar da sallar la'asar, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a bayan rasit ɗin da ke cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da ya sami mota, ya ba ni haƙuri sau biyu, ya koma ofishinsa. Na biya tara a kan wurin da na riga na biya kuɗin tsayawa, ni da wata hajiya mai ɗauke da jariri wadda aka yi wa irin abin da aka yi mini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jami'in ba shi da laifi a wurina, domin aikinsa ya yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda kamfanin ke sayar da wurin da ba nasa ba, a gaban idon kowa, alhali a bakin ƙofarsa akwai allon da ke cewa yana aiki ne da izinin hukuma, ba tare da an faɗi wace hukuma ba. Na tambayi manajan wa ya ba su izinin, kuma nawa ne ke shiga asusun gwamnati daga abin da muke biya, sai ya yi murmushi ya ce wannan maganar manya ce.

A nan ne ra'ayina game da wurin ya juya, domin na tuna cewa ba ranar aka fara ba: an taɓa ba ni rasit marar kwanan wata, an kuma taɓa ƙara kuɗin a cikin azumi babu wata sanarwa. Ni ba na adawa da a caji mai mota don a rage cunkoso. A Landan tun ranar 17 ga Fabrairu 2003 ake karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni, an fara da fam biyar, kuma mutane sun yi ƙorafi sosai. Bambancin shi ne sun san wanda za su riƙe. Magajin garin da ya kawo tsarin, Ken Livingstone, zaɓensa aka yi, hukumar sufurin birnin tana ƙarƙashinsa, majalisar birni mai mutum 25 tana titsiye shi da tambayoyi a bainar jama'a, doka kuma ta wajabta a kashe rarar kuɗin a kan sufuri. Da aka faɗaɗa yankin cajin zuwa yammacin birnin a 2007, jama'ar can ba su ji daɗi ba, Boris Johnson ya ci zaɓen magajin gari a 2008, ya nemi jin ra'ayinsu, aka soke faɗaɗawar a farkon 2011.

Mu kuwa garinmu ya rabu tsakanin ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun, babu wani zaɓaɓɓen magajin gari guda da ke da alhakin titunan birnin duka. Abin da ya rage mana shi ne 'yan majalisar dokoki 34 da ke zama a Lugard Hall, waɗanda ke da ikon kiran kowace hukumar jiha ta yi bayanin kwangilolin da ta bayar da kuɗin da ta tara. Zan so in ga an kira masu irin waɗannan wurare an tambaye su iyakar filin da aka ba su, an kuma tilasta musu rubuta sunan hukumar da ta ba su izini da lambar kai ƙara a jikin allonsu.

Idan za ka je, ka shiga ciki ka ga an rufe maka ƙofa, in kuwa aka nuna maka jikin katanga ka wuce abinka komai zaƙin bakin yaron. Na rubuta wa kamfanin takarda ina neman a mayar mini da kuɗin fakin kaɗai, ban ma haɗa da tarar ba, kuma har yau ana ce mini manaja ya fita.