openQA, mai gadin da ke jan linzami da kansa

Shekara uku ke nan kwamfutar aikina tana kan openSUSE Tumbleweed, tsarin Linux mai sabuntawa kullum, kuma mai gadin ƙofarsa, openQA, manhajar da ke gwada kowace sabuwar fitowa, shi ya zaunar da ni.

Kafin nan na ɗanɗana kuɗata a hannun wani tsarin Linux mai sabuntawa kullum, ba sai na kama suna ba. Wata safiya na sabunta, na kashe na kunna, sai ga baƙin allo da ɗan ƙaramin layi yana ƙifta mini ido. Ranar ko wasiƙa ɗaya ban aika ba.

A Tumbleweed sababbin kunsoshin manhaja ba sa zuwa wurinka kai tsaye. Suna taruwa a Factory, wato rumbun da ake haɗa tsarin, a ɗaure su fitowa guda mai ɗauke da kwanan wata, sannan a miƙa wa openQA. Shi kuma ya tayar da kwamfutar cikin kwamfuta ta QEMU, ya girka tsarin tun daga tushe kamar mutum ne a zaune: ya buga madannai, ya ja linzami, ya shiga fuskar tsarin, GNOME ko KDE, ya buɗe Firefox. Idonsa wasu hotunan allo ne da aka tanada, suna ce musu needle, wato allura. Kowane hoto an zana masa wurin da za a duba. In abin da ya fito ya yi daidai, a wuce. In bai yi ba, ja ta kunnu, masu kula su riƙe fitowar har a gano dalili.

Shafinsa a buɗe yake ga kowa, har da bidiyon kowane gwaji. Na taɓa kashe rabin awa ina kallon linzami yana yawo ba hannu, yana cike sunan mai amfani. Aikin banza, amma fa ya kwantar mini da hankali.

Yana da nasa raunin. A sauya launin maɓalli ko siffar rubutu, sai allura ta ce ba ta san wurin ba, a zo ana sake hotuna alhali babu abin da ya lalace. Kuma yawancin gwajin ba a kan ƙarfe na zahiri ake yi ba, katin hotonka ko na waifai ɗinka bai taɓa ganin su ba. Shi ya sa ban raina snapper ba, mai mayar da tsarin yadda yake jiya.

Debian, wani tsarin Linux, ita ma tana da nata shingen: manhajar britney na tsare kunshi yawanci kwana 5 kafin ya shiga reshen gwaji na testing, su koma 2 in ya ci gwajin autopkgtest mai sarrafa kansa. Amma nasu ba ya kallon allo yadda nake kallo.

Wani lokacin sai a yi kwanaki ba fitowa. Da can haushi nake ji. Yanzu in na buga zypper dup, umarnin sabuntawa, ya ce babu abin yi, sai in leƙa shafin in ga wace ja ce aka tare mini.