Canjin sensar zafin inji: yadda ake yi a Jamus da abin da zai yi muku amfani a Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaida manya, ina gaida ƙanne. Ya zafi?

Akwai wata 'yar aba da ba ta wuce tsawon yatsa ba, galibi a ɗaure kusa da gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi), bakinta a cikin ruwan inji. Ita ce sensar zafi, mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko inji ya ɗumama. In ta lalace, inji na ƙuna tana cewa sanyi ake, ƙwaƙwalwa kuwa ta yi ta ƙara fetur. Daga nan sai shan mai, baƙin hayaki a salansa, filogi ya yi baƙi ƙirin, mota ta ƙi tashi in ta yi zafi, fanka kuma ko ta ƙi juyawa ko ta ƙi tsayawa.

A nan Jamus gareji da awa yake caji, kuma sai an ba ka rana. Kuɗin hannu ya fi kuɗin sensar, shi ya sa da yawa ke canza ta da kansu. Ta wannan fuska gida ta fi: bakanike na kusa, yau ka kai yau ka karɓa. Inda Jamusawa suka sha gabanmu shi ne wurin saye. Mai kayan gyara a nan lambar shasi yake tambaya, mai harufa da lambobi 17, ya ciro ainihin ta motarka, Denso ko Bosch ko Hella, kuma doka ta ba mai saye shekara 2 ya koma in sabon kaya ya zo da aibi. Mu kuwa tsohuwar ake riƙewa a shiga kasuwa, a gwada da ido. To, sensa biyu na iya zama bakinsu ɗaya amma lissafinsu daban. Ta ɗauru lafiya, mota na ci gaba da shan mai, a ce injin ne ya gaji.

Kafin a kashe ko kwabo, a gwada. Mota ta kwana ba a tada ta ba, a jona na'urar bincike da safe: zafin ruwa ya kamata ya yi kusa da zafin gari. In ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili, da lambar matsala P0118, yawanci waya ce ta tsinke ko soket ya ci tsatsa. P0117 na nufin wayoyi sun haɗe ko sensar ta ƙone ta ciki. P0128 kuwa tamostat take nunawa, kuma duk motar da aka cire wa tamostat wai don zafin Sakkwato tana iya kawo ta. Ku daina cirewa, don Allah. Injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha. Wanda ba shi da na'ura ya ari mita wurin mai wayarin. A digiri 20 sensar Corolla tana ba da wajen om 2,500 (om shi ne ma'aunin juriyar lantarki da mita ke nunawa), a digiri 80 wajen 300. Da ranar bazara, gari na digiri 40, za a ga kusan 1,200, kuma lafiyarta ƙalau.

Aikin kansa bai kai awa guda ba. Inji ya huce sarai, domin murfin lagireto mai zafi ya ƙona fuskoki da yawa. A cire kan batir na baƙar waya, a tsiyaye ruwa kamar lita biyu cikin roba mai tsabta. A danna harshen soket a zare shi a hankali, robar da ta sha rana tana karyewa kamar ƙosai busasshe. A Corolla doguwar sifana mai lamba 19 ke kwance ta. A sa sabon wosha, a fara ɗaurawa da hannu, sannan a matse daidai, wajen Nm 20 a sifana mai awon ƙarfin matsi. Wurin alminiyom ne, in aka yi masa ƙarfi ya lalace, ƙaramin aiki ya zama babba. Galibin Golf ba a murɗa tasu: ƙugiyar roba ke riƙe ta, da zoben roba da dole a sabunta.

Sai a mayar da ruwa, a tada inji murfin ruwa a buɗe, a kunna hita, a jira kumfa ta ƙare. Iskar da ta maƙale tana hana sensar taɓa ruwa, ta sake ba da lissafin banza. Bayan ya huce a duba a cika.

Ruwan ma abin dubawa ne. A nan kowa ruwan kwalba, wato sinadarin sanyaya inji, yake zubawa, rabi da rabi da tataccen ruwa, saboda ƙanƙara. Mu ba mu da ƙanƙara, amma ruwan rijiya zalla yana kawo tsatsa da farin datti da ke lulluɓe bakin sensa, kuma ya fi saurin tafasa a hanyar Illela da tsakar rana. Tsohon ruwan kwalba a nan wurin karɓar shara mai guba ake kai shi. Yana da zaƙi-zaƙi kuma yana lalata ƙoda, don haka a zuba shi a jarka a rufe, kada a bar shi a tsakar gida inda yara da awaki ke kai da kawowa.