Randa ko jarka a zafin Sudan

A Mai Wurno, idan zafin watan Mayu ya haura digiri 40, ni randar ƙasa nake zaɓa, wadda Larabawa ke kira zir. Jikinta na tsattsafo, ruwan da ya fito sai ya bi iska, ya tafi da zafin na ciki. Busasshiyar iska ce ke hanzarta aikin, shi ya sa ake girke ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a tara kwano ƙarƙashinta. Jarkar roba kuwa ba ta zufa, ruwanta ba ya raguwa, amma kafin azahar ya yi ɗumi. Sai dai a Bur Sudan, inda iskar teku ke da laima, randar ma sanyinta kaɗan ne.