Bita: Kundin 'Yan Kweka a Ancestry, Ya Cancanci Kuɗinsa?

Ɗaliban tarihi a jami'o'in Marwa da Ngaundare, da masu yi wa mutanen waje binciken salsala ta intanet, kan ci karo da wannan kundi a Ancestry, dandalin binciken salsala na intanet da ake biya. Ya ƙunshi hotunan littattafan majalisun 'yan Kweka na Amurka daga 1681 zuwa 1935, waɗanda aka ɗauko daga ma'ajiyar kwalejojin Swarthmore, Haverford, Guilford da Earlham. Hukuncinmu: kundin na da kyau ƙwarai, amma wanda ya tsaya ga akwatin bincike kaɗai zai sha wuya.

Kweka ɗarika ce ta Kirista da George Fox ya kafa a Ingila wajen 1650. Ba sa yin baftisma, don haka kada a ɓata lokaci neman rajistarta. Komai yana littafin taron wata-wata na majalisa, wato reshen ɗarikar na kowane yanki: haihuwa, aure, jana'iza, da korar wanda ya saɓa, kamar mai auren bare. Maza da mata kowa da littafinsa. Duba duka biyu, domin sau da yawa labarin amarya yana na mata.

Inda kundin ya yi zarra shi ne takardar ƙaura. Bisa ƙa'idar lokacin, iyali ba ya tashi sai majalisarsa ta ba shi shaidar cewa ba shi da bashi ko alkawarin aure a wuya, sabuwar majalisa kuma ta rubuta ranar karɓa. Saboda haka kowace ƙaura tana da sawu biyu. Ka fara da wurin da aka san mutum ya rasu, ka nemo daga ina takardarsa ta zo, ka koma can, haka dai da baya da baya. Hanyar da aka fi bi: Fensilbaniya, wadda William Penn ya samu izininta a 1681, zuwa Hopewell a Bajiniya, zuwa Cane Creek ko New Garden a Karolaina ta Arewa, sannan Ohayo da Indiyana a farkon shekarun 1800, lokacin da da yawa suka guje wa yankunan bauta.

Tarko mafi girma kwanan wata ne. A lokacin 'yan Kweka ba sa kiran wata da suna, lamba suke sa masa. Kafin 1752 Maris ne wata na ɗaya, ke nan "wata na biyu, 1740" Afrilu ne, ba Fabrairu ba, kuma "wata na goma sha ɗaya, 1740" Janairun 1741 ne a lissafinmu. Masu kwafe rubutu kan faɗa wannan rami, har ka ga an haifi ɗa kafin ɗaurin aure. Buɗe hoton shafin, ka rubuta kwanan yadda yake. Bayan ɗarikar ta rabu gida biyu a 1827 kuma, majalisa ɗaya na iya samun littattafai biyu da suna ɗaya.

Salsalar da masu amfani da dandalin suka ɗora da kansu, a ɗauke ta a matsayin ji-ta-ji-ta. Sunaye irin John da Mary suna maimaituwa a gida ɗaya, ana haɗa kaka da jika.

Ga namu matsalolin. Biya da katin banki ne, kuma gwajin kyauta na kwana 14 yana juyewa rajistar kuɗi idan ba a soke ba. Hotunan suna cin data, ƙaramar waya ba ta nuna su sosai, gara kwamfuta. Rubutun hannu ne na tsohon Ingilishi, doguwar "s" kamar "f", abin da ke wahalar da wanda ya yi karatu da Faransanci.

Kafin ka biya, buɗe asusun FamilySearch, wani dandalin salsala, kyauta ne, ka kuma duba taƙaitawar littattafan majalisun da William Wade Hinshaw ya yi, mai juzu'i shida, don gano sunan majalisa. A taƙaitawar, "gct" na nufin an ba da takardar ƙaura, "rocf" an karɓe ta. Da sunan majalisa a hannu, rajistar wata guda kan wadatar da binciken iyali ɗaya.