Biblioshiny: ta iya lissafin Lotka da Bradford, amma sai ka tankaɗe bayananka

Duk mai son gwada ko rubuce-rubucen wani fanni sun bi ƙa'idar Lotka (yadda maƙalu ke rarrabuwa tsakanin marubuta) ko ta Bradford (yadda suke rarrabuwa tsakanin mujallu), manhajar Biblioshiny za ta rage masa wahala sosai, kuma kyauta ce. Fuska ce mai sauƙin amfani ta Bibliometrix, manhajar ƙididdigar rubuce-rubucen ilimi da Massimo Aria da Corrado Cuccurullo na ƙasar Italiya suka gabatar a 2017. Ka fara girka R, manhajar lissafin ƙididdiga, a cikinta ka rubuta install.packages("bibliometrix"), sai library(bibliometrix), sai biblioshiny(). Shafi zai buɗe a burauza, daga nan sai danne-danne. Tana karɓar bayanai daga rumbunan maƙalun ilimi irin su Scopus, Web of Science, PubMed da Dimensions.

Ɓangaren Bradford bai da matsala. Manhajar na jera mujallu daga mai yawan maƙalu zuwa mai kaɗan, ta raba maƙalun gida uku, ta nuna maka 'yan mujallun da ke ɗauke da kashin farko. Haka Bradford ya gani a 1934 a fannin binciken ƙarƙashin ƙasa: mujallu 9 a gidan farko, 59 a na biyu, 258 a na uku. Ma'aikacin laburare mai ƙarancin kuɗin sayen mujallu zai amfana da wannan jadawali nan take.

Wurin Lotka ne ake tuntuɓe. Ƙa'idar ta 1926 ta ce in marubuta 100 suka fitar da maƙala ɗaya, kusan 25 ne za su fitar da biyu, kusan 11 su fitar da uku, kuma masu ƙwaya ɗaya su ne kusan kashi 60 cikin ɗari. Biblioshiny na zana layinka kusa da na Lotka don ka kwatanta. Sai dai da sunan ƙarshe da harafin farko take gane marubuci. Musa Abubakar, Maryam Abubakar da Mustapha Abubakar duk za su iya komawa "ABUBAKAR M", mutum ɗaya mai tulin maƙalu, wutsiyar layin, wato ɓangaren masu maƙalu da yawa, ta yi tsawon da ba nata ba. Wanda kuma yake sa sunan garinsu a wata maƙala ya cire a wata, sai ya rabu biyu. Maganin shi ne ka tace sunayen da lambar ORCID (lambar shaida ta kowane mai bincike) ko lambar marubuci ta Scopus kafin ka loda fayil. Aiki ne mai cin rai, amma ba makawa.

Akwai kuma bambancin ƙirga. Lotka babban marubuci kaɗai ya lissafa, ita kuwa kowane suna a kan maƙala tana ba shi ɗaya cikakkiya. A fannin likitanci, inda mutum goma ke haɗuwa a takarda guda, masu maƙala ɗaya kan zarce hasashen Lotka. Haka ma in shekaru biyu ko uku kacal ka ɗiba.

Mai nazarin rubuce-rubucen Najeriya ya tuna cewa mujallu da yawa da ke kan AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, ba sa cikin Scopus. In daga Scopus kaɗai ka kwaso, mujallun ƙasashen waje ne za su cika gidan farko na Bradford, don haka ka bayyana a rahotonka inda bayanan suka fito.