Sharhina kan maganin matsarmama ga mai ciwon suga

Mu masu ciwon suga an fi ja mana kunne kan ido da ƙoda da ƙafa. Matsarmama ba kasafai ake ambatonta ba, alhali ita ma tana jin jiki. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke sa ta matse bayan cin abinci. Sai ruwan ɗacin da hanta ke tura mata ya kwanta ya yi kauri, wani lokacin har ya zama tsakuwa.

Nawa ya fara ne da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga kumburin ciki da tashin zuciya duk ranar da na ci masa da man shanu ko tsire. A asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya aka yi min hoton ciki ban karya ba, aka ba ni abinci mai maiƙo, aka sake dubawa. Likita ta juyo min da allon na'urar ta ce, "Baba, ka gani? Ko bayan ka ci, da ƙyar ta motsa. Ga laka nan kwance a ƙasa." Ta rubuta min wani magani mai suna Ursodeoxycholic acid daidai da nauyin jikina.

Gaskiya na ji daɗinsa, sai dai magani ne na mai haƙuri. Aikinsa rage kitsen kwalastarol da ke cikin ruwan ɗacin, ya tsinka shi, lakar ta narke a hankali. Watanni ake yi ana sha. Da farko ya ɗan sa ni gudawa, daga baya cikin ya saba. Nauyin nan ya ragu sosai, hoton da aka maimaita kuma ya nuna lakar ta ja baya.

Inda yake cizo shi ne aljihu. Yana da tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Akwai lokacin da na rasa shi a Tudun Wada, sai da na shiga Sabon Gari. Ga mai sayen maganin suga kowane wata, ƙarin ɗawainiya ce ba ƙarama ba.

A sani kuma, bai gyara jijiyar da suga ya ɓata, bai narkar da babbar tsakuwa ko wadda ta sandare. Farin maganin olsa na kwalba mai sinadarin alminiyom yana hana shi shiga jiki, don haka ba na haɗa su lokaci ɗaya. Na rage maiƙo, na daina daɗewa ban ci komai ba, ina kuma auna suga kullum.

Wanda ciwon ya tsananta masa, da zazzaɓi ko ido ya yi rawaya, kada ya tsaya neman wannan ƙwaya a kemis. Asibiti zai nufa a ranar, don irin wannan yakan kai ga tiyata.